Birkin Da Ke Ɓacewa Ranar Kasuwar Mai'adua

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, direban haya ne a Daura, kuma motar da ya ci abinci da ita shekara da shekaru Peugeot 504 ce doguwa, mai kujeru layi uku, irin wadda aka riƙa haɗawa a masana'antar Kakuri ta Kaduna. Tun 1975 masana'antar nan ta fara fitar da motoci, kuma ko da Turai ta yi sallama da 504 a shekarun 1980, Kaduna ta ci gaba da haɗa ta har cikin shekarun 2000. Saboda haka babu garejin da bai san cikinta ba. Yaron da ya yi wata shida yana miƙa sifana ma zai ce maka ya san Fijo. Wannan sanin da kowa ke taƙama da shi ne ya sa abin da ya sami motar Kawu ya zama abin magana a tasha.

A ranakun mako Kano yake zuwa, ta Kazaure da Dambatta, ya juyo da yamma. Ranar Lahadi kuwa ba ya nisa, jigilar kasuwar Mai'adua yake yi, inda fatake daga Nijar da kudancin ƙasar nan ke haɗuwa a kan dabbobi da hatsi. Tafiyar gajeriya ce, amma kaya ya fi yawa, kuma ciniki ya fi kauri.

Wata Lahadi cikin bazara, bayan la'asar, ya taso da fasinja cike da buhunan gero a baya. Sun kusa shiga Daura sai ga amalanken shanu ta hawo kwalta. Ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa. Ya ɗaga ya sake takawa, ya sake, sai ɗan kamun da bai isa ya tsayar da mota mai kaya ba. Allah ya ba shi natsuwa, ya dawo da giya daga ta uku zuwa ta biyu, ya riƙa jan birkin hannu a hankali, sannan ya karkatar da motar cikin yashin gefen hanya. Yashin ƙasar Daura ne ya riƙe ta. Babu wanda ya ji ciwo, sai salati da kukan wata mata mai goyo.

Da aka turo motar aka dawo da ita kan hanya, bayan an ɗan huta an sha ruwa, Kawu ya zauna ya taka birkin don ya nuna wa mutane abin da ya faru. Birki ya kama gam, ko motsi ƙafar ba ta yi ba.

Washegari ya kai ta gareji. Aka duba, babu inda mai ke yoyo, man birki bai ragu a kwalbarsa ba. Aka fitar da iska, aka ƙara mai, aka ce ya tafi. Ya yi ta zuwa Kano lafiya lau. Sai wata Lahadin kuma, a hanyar dawowa, abin ya sake faruwa, wannan karon ya ji shi da wuri ya lallaɓa ya tsaya. Aka ce masta ce, aka canza. Ya sake faruwa. Aka canza robobin birkin baya, aka gyara lainin. Kuɗin da ya tara don gyaran soron gidansa kafin damina ya tafi a kayan mota, kuma kowane makanike idan ya zaga gari da motar da safe ya dawo, maganarsa ɗaya ce: Alhaji, birkinka lafiya ƙalau.

Daga nan magana ta bar gareji ta koma bakin mutane. Wasu suka ce akwai wata tsamiya a hanyar da ba a wuce ta da yamma ba tare da addu'a ba. Wasu suka ce hannu aka sa masa, tunda ya fi kowa samun lodi ranar kasuwa. Kawu ya yi sadaka, ya sa aka yi masa addu'a, kuma ban ga laifinsa ba, mutumin da ya ɗauko rayukan jama'a dole ya nemi tsari ta kowace hanyar da ta halatta. Wadda ta fi yi masa ciwo ita ce ta uku: wai gyangyaɗi yake yi, in ya farka a firgice sai ya ɗora wa birki. Har aka fara samun fasinjan da in ya ga layin Kawu ne sai ya ce zai jira ta gaba. Wani ya ba shi shawara ya sayar da motar a Kano inda ba a san labarinta ba. Kawu ya ce in ya yi haka ya sayar wa bawan Allah da ajalinsa, kuma ba zai iya tsayawa gaban Ubangiji da wannan ba.

Wani abokin aikinsa ne ya kai shi wurin wani dattijo da ya daina kwanciya ƙarƙashin mota, sai dai ya zauna a kan benci a inuwar darbejiya yana kallon 'ya'yansa suna aiki. A Kano ya koyi sana'ar tun zamanin 404. Ni a lokacin hutu nake, ina bin Kawu ina karɓar masa kuɗin mota, don haka a gabana aka yi.

Dattijon bai ce a buɗe gaban mota ba. Ya sa aka kawo wa Kawu kujera, ya ce, "Alhaji, ba ni labari tun daga farko, kada ka tsallake komai." Yana ji yana tambaya. In ka ɗora ƙafa a hankali ka riƙe, tana nutsewa da kanta? Kawu ya ce a'a. Dattijo ya ce to ba masta ba ce, da robarta ce ta gaji da ko a tsaye ƙafar za ta riƙa zurma. Birkin yana yin tauri har sai ka danna da ƙarfi? A'a. To ba tukunyar iskar da ke taimakon ƙafa ba ce. In ka sha kwana sannan ka taka, takun farko ne ke tafiya ƙasa, na biyu ya kama? A'a, Baba, in ya tafi ya tafi ke nan sai an huta. To ba boris ba ne. Da safe ya taɓa yi? Bai taɓa ba. A hanyar Kano fa? Ko sau ɗaya.

Sai ya yi shiru, sannan ya ce, "Kafin ya tafi, motar tana janka gefe?"

Kawu ya ce tana ɗan ja dama, amma ya ɗauka nauyin kaya ne ko gangaren kwalta. Ƙauri fa? Ya ce yakan ji, ya ɗauka kuloci ne saboda lodi. Duk garejin da ya je babu wanda ya tambaye shi waɗannan biyun, shi kuma bai ga sun isa faɗa ba.

Dattijo ya ce, "Ranar Lahadi ka aje mini kujerar gaba."

Haka aka yi. Ya bi mu duk yinin nan da butarsa a hannu, bai ce komai ba sai hira da fasinja. A sahun yamma, mota cike, rana ta gama dafa kwalta, mun ratso cunkoson bakin kasuwa inda ba ka tafiya taku goma ba ka taka birki da ƙarfi ba saboda awaki da babura da masu tura kura, sannan muka miƙe hanya. Tun ba mu yi nisa ba ya ce, "Alhaji, tsaya nan." Ya sauka ya zaga motar, yana yayyafa ruwan buta a kan kowane wili. Na baya biyu shiru, na gaba na hagu shiru. Da ruwa ya taɓa na gaba na dama sai ya yi cuu, tururi ya tashi.

Aka sauke fasinja a inuwa, aka ba su haƙuri, aka ɗaga motar da jak. Ya ce in juya tayar. Na sa hannu biyu, da ƙyar ta motsa, alhali babu ƙafar kowa a kan birki. Nan ya yi abin da har yau nake jinjina masa, domin bi da bi ya yi shi. Ya fara sassauta bututun ƙarfe daga sama, inda yake haɗuwa da tiyon roba mai sauka zuwa taya. Mai ya ɗan ɗiga, taya ba ta saki ba. Ya ɗaure. Sannan ya naɗe hannu da tsumma ya buɗe ɗan noti na fitar da iska da ke jikin birkin tayar. Mai baƙi ƙirin ya yi tsartuwa, taya ta saki nan take, na juya ta da yatsa ɗaya. Ya dubi Kawu ya ce, sama babu matsi, ƙasa akwai, kuma da tsatsa ce ta riƙe birkin da buɗe notin bai sake shi ba. Me ke tsakanin sama da ƙasa? Tiyon nan kaɗai.

Muka lallaɓa gida a giya ta biyu. Da safe ya sa aka ciro tiyon, wanda a ido lafiyarsa ƙalau, babu tsaga babu kumburi, sai wani ɗan sawun haƙoran filaya a tsakiyarsa. Wani ne a can baya ya matse shi don kada mai ya zube yayin da yake aiki a tayar, abin da ake yi kullum a garejojinmu ba tare da an ɗauke shi komai ba. Dattijo ya tsaga tiyon a tsaye da reza. A daidai sawun nan robar ciki ta ɓare ta yi ɗan harshe. In an taka birki, ƙarfin ƙafa ya tura mai ya wuce. In an ɗaga, harshen ya faɗo ya tare hanya, kamar ƙyauren da ke buɗewa ciki kawai. Taku mai sauƙi, man yakan silale ya koma a hankali, shi ya sa doguwar hanyar Kano ba ta tona shi ba. Amma taku mai ƙarfi a kai a kai, ga kaya, ga zafin bazara da kan haura digiri 40, sai birkin ya zauna a matse yana gugar faifai har ƙarfe ya yi zafin da ruwa ke tsalle a kansa.

Saura kuma aikin man ne. Man birki yana shan danshi daga iska a hankali. Irin wanda aka rubuta wa DOT 3, sabonsa ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, amma in ruwa ya kai kusan kashi 4 cikin 100 a cikinsa, ma'aunin yakan sauko wajen 140. Shi ya sa kamfanoni da yawa ke cewa a zubar da shi duk shekara 2. Na motar Kawu ba a taɓa zubar da shi gaba ɗaya ba, ƙari kawai ake yi. Da ya tafasa sai ya zama tururi a cikin layi, tururi kuwa matsuwa yake yi, ƙafa ta tafi ƙasa ba ta tura komai ba. In aka tsaya ya huce, tururin ya koma ruwa, birki ya dawo, shaida ta ɓace. Duk wanda ya gwada motar da sanyin safiya gaskiya ya faɗa da ya ce lafiya take. Kawu ma gaskiya ya faɗa, kuma shi ne aka ƙi yarda da shi, wannan ne har yanzu ke sosa mini rai.

Dattijo bai yarda a canza tiyo ɗaya ba, ya ce tare aka sa su, tare suka tsufa, a canza duka. Aka sa sabon fad a gaba domin na dama ya ƙone ya yi ƙyalli. Aka zuƙe tsohon mai, aka riƙa zuba sabo daga gwangwanin da aka fasa a gabanmu ana fitarwa ta kowace taya har ya fito fari. Ya gargaɗi Kawu kada ya bari a ƙara masa man inji ko na giya ko da a daji ne, domin suna kumbura roba su kashe birkin gaba ɗaya, kuma duk ranar da ya ji mota na ja gefe ya tsaya ya kai bayan hannu kusa da wili. Kuɗin tiyon duka bai kai na mastar da aka canza a banza ba.

Kawu ya ɗauki tsagaggen tiyon ya kai tasha, ya bi direbobi ɗaya bayan ɗaya yana nuna musu harshen robar, har da waɗanda suka ce barci yake yi. A makon nan wasu daga cikinsu suka kai motocinsu aka duba. Shi kuwa ya ci gaba da jigilar Mai'adua da motar wasu shekaru, birki bai sake tafiya ba, har ya sayar da ita ga wani ɗan kasuwa daga Damagaram, bayan ya zaunar da shi ya ba shi labarin tiyon duka.