In Ƙofar Injin Wanki Ta Cije

'Yan Arewa masu aikin wanki a gidajen Ikoyi da Apapa sun sha yin asara a kan ƙofar injin wanki. Ƙofa ta cije, a fizge ta, mariƙi ya karye, uwargida ta yanke kuɗin a albashi.

Galibi kuwa lafiyar injin ƙalau. A cikin makullin akwai wani ɗan ƙarfe wanda wuta ke ɗumamawa, ya lanƙwashe ya danne sakata. Ba ya saki sai ya huce, wato kamar minti 2 bayan gama wanki.

In an jira ba ta buɗu ba, a leƙa ta gilashi. Muddin da sauran ruwa, yawancin injuna ba sa sakin ƙofa. Sai a zare fulogi, a bar ruwan ya huce, a tara faranti, a kwance matatar da ke gaba daga ƙasa. Sau da yawa maɓalli ne ko tsinken ashana ya toshe ta.

Amma in an rufe ƙofa ba a ji ƙas ba, injin kuma ya ƙi tashi, to, ko dai ƙugiya ta karye ko makullin ya ƙone. Wannan kam sai mai gyara, don canja shi ake yi.