Kiɗa ɗaya, mawaƙa barkatai: abubuwan da ya kamata ka sani game da ridim ɗin Jamaika

Baƙon kiɗan dancehall na Jamaika, in ya ji waƙoƙi biyar a jere duk bisa kiɗa ɗaya, sai ya ce satar fasaha ce. A Kingston kuwa haka sana'ar take. Furodusa ne ke haɗa kiɗan, wanda suke kira ridim, mawaƙa su yi ta zuwa kowa na ɗora muryarsa. Tamkar ankon biki ne: yadi ɗaya, amma a ɗinki ake gane gwani.

Daga ina abin ya faro?

Daga bayan faifai. A farkon shekarun 1970 ƙaramin faifan garmaho kan ɗauki waƙa a gaba, bayansa kuma kiɗan zalla. Masu manyan lasifikoki da ke haɗa rawa a fili sai su juya faifan, mai riƙe da makirufo ya yi ta zuba magana a kai. Ta wannan hanya U-Roy ya yi suna. Furodusoshi ma sun ga sauƙi, don kiran makaɗa da kama situdiyo ba ƙaramin kuɗi suke ci ba.

Me ya sa ake yawan ambaton ridim ɗin Sleng Teng?

Saboda shi ya sauya komai a 1985. Wayne Smith da abokinsa Noel Davey sun tsinci kiɗan ne a cikin wani ɗan ƙaramin fiyano na lantarki, Casio MT-40. Wata ma'aikaciyar kamfanin a Japan, Okuda Hiroko, ita ta tsara shi. Smith da Davey suka kai wa furodusa King Jammy a unguwar Waterhouse, ya rage masa gudu, aka ɗauki "Under Mi Sleng Teng". Nan da nan Tenor Saw ya hau da "Pumpkin Belly", wasu suka biyo baya har waƙoƙin suka kai ɗaruruwa. Yaron da ba shi da kuɗin ɗaukar makaɗa ya samu ƙofa, kuma a ganina wannan ne babban alherin Sleng Teng. Sai dai makaɗan ganga da jita da yawa kasuwarsu ta ja baya.

Kafin shi fa?

Akwai ridim ɗin Real Rock na Studio One tun 1967, da Stalag na Winston Riley a 1973, wanda ya ɗauki "Ring the Alarm" da "Bam Bam".

Wa ke cin moriyar?

A nan abin yake ci mini rai. Bisa al'ada ridim na furodusa ne, mawaƙi kuwa sau da yawa abin da aka damƙa masa ranar ɗauka shi ke nan. Sister Nancy ta rera "Bam Bam" a 1982, waƙar ta zagaya duniya, mawaƙan Amurka suka yi ta yankar ta suna sakawa a nasu, ita kuwa ta shafe sama da shekara 30 ba ta ga ko sisi ba. Sai da aka yi tallar Reebok da waƙar a 2014 ta tashi neman haƙƙinta, daga bisani aka ba ta rabin mallakar waƙar.