3.2 Awon Iskar da ke Ɗumama Duniya ta Fuskar Masu Amfani da Kaya: Misalin Shinkafar Augie

Hanyar da ƙasashe suke bi wajen kai rahoto ga Majalisar Ɗinkin Duniya ita ce a ƙirga duk iskar da ta tashi a cikin iyakokin ƙasa, a rubuta ta da sunan wannan ƙasa. A kan wannan tsari aka gina yarjejeniyar Kyoto ta 1997 da ta Faris ta 2015. Hanya ta biyu kuwa, wadda wannan sashe zai duba, ba ruwanta da inda iskar ta tashi. Abin da take tambaya shi ne, wa ya ci moriyar kayan? Wato za a ɗauki iskar da yanki ya fitar, a ɗebe ta kayan da ya sayar waje, sannan a ƙara ta kayan da ya sayo.

Idan aka duba Ƙaramar Hukumar Augie, za a ga bambancin a fili. Babbar sana'ar mutanen wannan yanki ita ce noman shinkafa a fadamar Gulbin Rima. Idan ruwa ya kwanta a gona, iska ba ta ratsa ƙasa, sai ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da ciyawa da tushiya su riƙa fitar da iskar metan. A rahotonsa na 2013, kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa tan ɗaya na metan yana ɗumama duniya kamar tan 28 na iskar kabon a cikin shekara 100. Ga kuma hayaƙin injinan ban-ruwa masu shan fetur a lokacin rani. Bisa hanya ta farko, duk wannan a kan Augie yake.

To amma ba duk shinkafar ake ci a Augie ba. Bayan shirin bashin manoma da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamba 2015, noman ya ƙara bunƙasa, aka kuma buɗe kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu a 2017, ban da na Labana da ke Birnin Kebbi. A Disamba 2016 ma gwamnatocin Legas da Kebbi suka fito da shinkafar Lake Rice, wadda aka noma a Kebbi aka sayar a Legas. Bisa hanya ta biyu, metan ɗin irin wannan buhu yakan bi shi har tukunyar da aka dafa shi. Haka kuma Augie za ta ɗauki nauyin abin da ta sayo, kamar takin yuriya da siminti da babura, ko da yake a wani wuri masana'antunsu suka yi hayaƙi.

Matsalar wannan hanya ita ce samun alƙaluma. Tsakanin ƙasa da ƙasa akwai kwastan mai rubuta abin da ya shiga da wanda ya fita, amma tsakanin Augie da Argungu babu. Dillali yakan sayi shanshera a bakin gona da buhu, ba da sikeli ba, idan ta isa kamfani kuma sai ta gauraya da ta sauran garuruwa. Itacen da mata ke ƙonawa wajen yin gumi ma ba mai auna shi. Don haka dole mai bincike ya bi gidaje da kasuwanni da tambayoyi.

Akwai kuma wani abin lura. Ko an mayar da lissafin kan mai ci a Legas, ba shi ke da ikon rage iskar ba. Manomin Augie ne zai iya janye ruwa daga gona na 'yan kwanaki sannan ya mayar, dabarar da ke rage metan har da kuɗin fetur. Sai dai da rani kawai take yiwuwa, domin da damina gulbi ne ke iko da fadama.