Ƙarfin Bugu Daga Kwatangwalo Yake Tasowa

A garin Panda da ke ƙaramar hukumar Karu ta Jihar Nasarawa, kamar sauran garuruwan manoma na kewayen Keffi, in kaka ta yi akan ga mutane sun kewaye tsibin dawa da sanduna suna bugu. Mai lura zai ga cewa sau da yawa dattijo mai ƙaramin jiki yakan fi saurayi mai damtse saukar da bugu mai nauyi, kuma kafin rana ta take saurayin ya gaji, dattijon kuwa yana nan a bakin aikinsa. Dalili shi ne, saurayin da hannu kaɗai yake aiki, alhali kuwa dattijon ya sa ilahirin jikinsa. Wannan takarda za ta bayyana yadda haka ke faruwa, domin amfanin malaman wasanni na makarantu, da samari, da manoma baki ɗaya.

Wasan da aka yi binciken wannan al'amari a cikinsa

Masana sun tsananta bincike a kan bugu da sanda a wasan besbol, wanda ya shahara a Amurka da Japan da Kyuba. A wannan wasa wani yakan jefo ƙwallo mai tauri, mai nauyin kimanin giram 145, daga tazarar mita 18.44, wani kuma ya tare ta da kulki ya buga. Gwanayen jifa sukan sake ta da gudun kilomita 150 a sa'a, watau ke nan cikin ƙasa da rabin daƙiƙa ta iso. Mai bugu ba shi da lokacin yin yunƙuri mai tsawo. Tilas ne ya tara ƙarfinsa ya sake shi cikin ƙiftawar ido.

Wasan ba baƙo ba ne a Nijeriya. An buga shi a gasar wasannin ƙasashen Afirka da aka yi a Abuja a 2003, kuma yana cikin wasannin da aka tsara yi a gasar Olamfik ta 2028 a birnin Los Anjalis.

Yadda ƙarfi ke hawowa daga ƙasa

A ɗauki misalin mai bugu wanda ba bahago ba. Yakan tsaya a kaikaice, kafaɗarsa ta hagu tana fuskantar mai jifa, ƙafafunsa a buɗe, gwiwoyinsa a ɗan lanƙwashe. Da farko yakan mai da nauyinsa kan ƙafar dama, wadda take baya. Sa'an nan ya yi ɗan gajeren taku da ƙafar hagu ya kafa ta a ƙasa, ta zama masa turke. Da zarar ta kafu, sai kwatangwalo ya fara juyawa wajen mai jifa, diddigen ƙafar baya ya ɗaga, amma kafaɗu suna nan a baya ba su motsa ba tukuna.

Wannan ɗan jinkiri na kafaɗu shi ne asirin aikin. Sa'ad da kwatangwalo ya yi gaba kafaɗu suka saura a baya, tsokokin ciki da na kwiɓi da na baya sukan miƙe kamar danƙon harbin tsuntsu da aka ja. Da suka tsuke, sai su fizgo kafaɗu da saurin da ya fi na kwatangwalo. Kafaɗu su ja hannuwa, hannuwa su ja kulki, kowace gaɓa tana miƙa wa ta gaba ƙarfin da ta karɓa tare da ƙari. Haka bulala take: mariƙinta motsi kaɗan yake yi, amma bakinta ne ke tsaga iska.

Wani mashahurin ɗan wasan Amurka, Ted Williams, ya nanata cikin littafin da ya wallafa a farkon shekarun 1970 cewa kwatangwalo ne ke ja gaba, hannuwa na biye. Daga baya na'urori suka gaskata shi. A 1995 wani masani mai suna Welch da abokan aikinsa suka buga sakamakon awon da suka yi wa ƙwararrun 'yan wasa a Amurka. Sun iske cewa ƙafar gaba takan danna ƙasa da ƙarfin da ya kai kashi 123 cikin 100 na nauyin mutum. Kwatangwalo ya kai saurin juyi na digiri 714 a daƙiƙa, watau kusan kewaye biyu cikakku. Bayansa kafaɗu suka kai digiri 937, kulki kuma ya kai gudun mita 31 a daƙiƙa, kimanin kilomita 112 a sa'a.

Abin da Bahaushe ya daɗe da sani

Wannan ƙa'ida ba ta wasan Turawa kaɗai ba ce. Ɗan dambe yakan tsaya a kaikaice, ya miƙa hannun kariya gaba, ya ja hannun da ya naɗe baya, kuma naushin da ke kai abokin karawa ƙasa daga murɗawar ƙugu yake fitowa. Mai sassabe da adda, da mai jifa da majajjawa, da mahayin da ke wasan folo a Katsina ko Kano, duk hanya ɗaya suke bi gwargwadon halin aikinsu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tsokokin da suka fi girma a jikin ɗan Adam suna cinya da ɗuwawu, saboda haka wanda ya bar su zaune ya ɗora wa damtse aikin, ya bar jaki ne ya ɗauki kayan a ka.

Haɗarin yin aikin ba bisa ƙa'ida ba

Ƙashin baya bai zama ɗaya ba wajen juyawa. Gaɓoɓi 12 na sashen ƙirji suna iya murɗawa sosai, amma gaɓoɓi 5 na ƙasan baya an yi su ne domin sunkuyo da miƙewa, murɗawarsu gaba ɗaya ba ta wuce digiri 15 zuwa kowane gefe. Idan kwatangwalo ya sandare, ko mutum ya manne ƙafar baya a ƙasa ya ƙi barin ta juya, sai murɗawar ta koma kan ƙasan baya, wurin da ba ya iya jure ta. In abin ya yi ta maimaituwa, yakan jawo ciwon baya mai naci. Ga yara masu tasowa, waɗanda ƙashinsu bai gama ƙwari ba, har yakan tsaga wani siririn sashe na gaɓar ƙashin. Yagewar tsokar kwiɓi kuma tana cikin raunukan da 'yan besbol suka fi fama da su. Ga ɗan wasa, wannan asarar makonni ce. Ga manomi kuwa, ciwon baya a tsakiyar damina yana iya zama asarar abincin shekara.

Shawarwari ga malamai da iyaye

Lalle ne a fara da motsa jiki na kamar minti 10 kafin wasa ko aikin ƙarfi, musamman da sanyin safiyar hunturu, lokacin da jijiyoyi ke a ɗaure.

A koya wa yaro juyin kwatangwalo tun kafin a ba shi kulki. Ya ɗora sanda a kan kafaɗunsa ta bayan wuya ya riƙe da hannu biyu, ya juya cibiyarsa zuwa gaba a hankali, yana barin kafaɗu a baya ɗan lokaci kafin su biyo. Malami ya duba diddigen ƙafar baya: in ya ɗaga ya juya, kwatangwalo ya yi aikinsa.

A ba yaro sanda ko adda daidai ƙarfinsa. Kayan aikin da ya fi ƙarfin mutum yakan tilasta masa yunƙuri da baya. Kada kuma a bar shi ya yi ta bugu bayan gajiya ta kama shi, gama a lokacin ne tsarin jiki ke wargajewa.

Mai bugun ƙwallo ya sa hular kwano, sauran yara kuma su ja da baya daga inda kulki ke kaiwa.

Duk yaron da ciwon ƙasan baya ya wuce mako 2 a jikinsa, ko ciwon yana ƙaruwa in ya gantsare, ko ƙafarsa tana mutuwa, a dakatar da shi daga wasa a kai shi asibiti. Mutanen Panda da kewaye suna iya farawa da asibitin garinsu, in da bukata a tura su Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Keffi. Kada a tsaya ga tausa da ɗauri kaɗai.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya koyi kafa ƙafa, da juya kwatangwalo kafin kafaɗu, zai yi bugu mai ƙarfi a filin wasa, ya kuma daɗe yana noma da lafiyayyen baya.