Kaliba 4.5 ko 5.5: Wacce Ta Fi Dacewa da Harbin Allo a Gajeren Zango?

Duk wanda ya tashi shiga wasan harbi da bindigar iska, tambayar farko da mai sayarwa zai yi masa ita ce: wace kaliba kake so? Kaliba dai ita ce faɗin ramin bututun bindiga, wanda kuma shi ne faɗin ƙwayar harsashin da ke bi ta ciki. Guda biyu ne suka cika kasuwa: mai milimita 4.5, wadda ake rubutawa .177 a ma'aunin inci, da mai milimita 5.5, wato .22. Bambancinsu milimita ɗaya ne tak. Amma a yawancin bindigogi ba a canza kaliba bayan an saya, don haka wanda ya yi kuskure a nan ya ɗaure wa kansa kuɗi mai yawa, kuma mai yiwuwa ne ya je filin gasa a ce masa bindigarsa ba ta shiga.

Mu fara da mai niyyar gasa, domin nasa ya fi sauƙi. Hukumar wasan harbi ta duniya, ISSF, mai hedkwata a birnin Munich na Jamus, ta ƙayyade kaliba 4.5 kawai a gasar bindigar iska ta mita 10. Wannan gasa ce da ta shiga wasannin Olamfik a shekarar 1984 a Los Angeles, kuma a cikinta ne Abhinav Bindra ya ci wa Indiya zinare a Beijin a 2008. Idan can ka nufa, an riga an zaɓar maka.

To amma me ya sa aka ƙayyade? A nan ne lissafin yake da daɗi. A allon mita 10, wurin da ke ba da maki 10 ɗigo ne mai faɗin rabin milimita, kamar ɗigon aya a ƙarshen jimla. Ba a buƙatar tsakiyar harsashi ta hau ɗigon, ya isa gefen hudar ya taɓa shi. Rabin faɗin harsashi 4.5 shi ne milimita 2.25, rabin faɗin ɗigo kuma 0.25. Ka haɗa su, ka ga ke nan muddin tsakiyar harsashinka ba ta kauce fiye da milimita 2.5 ba, ka ci 10. Da za a bar wani ya zo da 5.5, nasa zai zama 2.75 a tara da 0.25, wato milimita 3. Kamar ba wani abu ba ne, ko? Amma fili muke magana, shi kuwa filin da'ira yana ƙaruwa ne da ninkin rabin faɗinta a kan kansa. Idan ka raba 9 da 6.25 za ka samu 1.44. Mai babban harsashi ya samu ƙarin kashi 44 cikin 100 na filin cin maki 10 ba tare da ya fi kowa iya saiti ba. A yau ma da ake ƙirga maki da na'ura har zuwa 10.9, kowane kashi ɗaya cikin goma na maki daidai yake da rubu'in milimita. A irin wannan awo dole kowa ya yi huda iri ɗaya.

Yanzu mu koma kan wanda ba gasa zai shiga ba, yana dai son ya riƙa gwada hannunsa a kulob, daga mita 10 zuwa 30. Shi ne ke da zaɓi na gaske.

Bindigar iska tana da iyakar kuzarin da take ba harsashi, ko dai saboda ƙirarta ko saboda doka. A Jamus, iyakar da babba zai saya ba tare da lasisi ba ita ce jul 7.5, a Ingila kuma kusan jul 16. Kuzarin abu mai tafiya shi ne rabin nauyinsa a ninka da gudunsa sau biyu. Ma'ana, idan kuzari ɗaya ne, harsashi mai nauyi dole ya yi tafiya a hankali. Harsashin gasa na 4.5 nauyinsa kusan giram 0.53 ne, na 5.5 kuma yana kusa da giram 1. A kan jul 7.5, na farko zai fito da gudun kusan mita 168 a sakan, na biyu kuma kusan mita 122.

Daga lokacin da harsashi ya bar bakin bindiga, ƙasa ta fara janyo shi, kuma ba ruwanta da nauyinsa. Lokacin da ya ɗauka a hanya ne kawai ke yanke yawan saukar da zai yi. Idan muka ajiye tirjiyar iska gefe don sauƙin lissafi, ƙaramin zai kai mita 10 cikin kusan sakan 0.06, ya sauka da kusan santimita 1.7. Babban zai ɗauki kusan sakan 0.08, ya sauka da kusan santimita 3.3. Lura fa: nauyi ya kusa ninkawa, sauka ma ta kusa ninkawa. Ba dace ba ne aka yi, haka lissafin yake: idan kuzari da nisa ba su canza ba, saukar harsashi tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da nauyinsa.

Wani zai ce, to ai sai a gyara saiti. Gaskiya ne. Idan kullum a mita 10 kake harbi, sau ɗaya za ka juya maɓallin saiti, magana ta ƙare. Shi ya sa ni a ganina ana zuzuta wannan batu fiye da kima ga mai harbi a nisa guda. Inda abin yake cizo wuri biyu ne. Na farko, babu bindigar da ke fitar da kowane harsashi da gudu ɗaya cif. Idan gudu ya canza da kashi 1 cikin 100, sauka tana canzawa da kusan kashi 2, wato sulusin milimita ga ƙaramin harsashi, sulusi biyu ga babban. Na biyu, idan nisa yana canzawa. A kan jul 16 da nisan mita 30, ƙaramin zai sauka da kusan santimita 7 da rabi, babban kuma kusan 14, tun ma ba a saka tirjiyar iska ba. Wanda ya yi kuskuren ƙiyasta nisa da mita biyu ko uku, babban harsashi zai fi tona masa asiri. Wannan na cikin dalilan da suka sa masu harbin siffofin ƙarfe a dazukan Ingila, inda kowane abin hari da nisansa, suka fi riƙe 4.5. Ga shi kuma a wasan nasu ana son harsashi ya shige wata 'yar huda ne, ƙarami kuwa ya fi shigewa ba tare da ya goge baki ba.

Akwai kuma batun irin bindigar. Mai sifirin, wadda ake karyawa a ɗana, tana girgiza tun harsashi bai fita ba, domin fistin ɗin cikinta yana rugawa gaba da ƙarfi. Harsashin da ya fi daɗewa a cikin bututu ya fi kwasar wannan girgiza da duk wani motsin hannun mai harbi. Bindigogin gasa na yanzu kusan duk masu tulun matsattsiyar iska ne, waɗanda da ƙyar za ka ji sun motsa.

Kada a ce an zalunci 5.5, tana da nata. Harsashi mai nauyi ba ya saurin rasa gudu, don haka sau da yawa iskar gefe ba ta ture shi kamar yadda take ture mara nauyi, ko da yake siffar harsashin ma tana da tasiri sosai. Ya fi sauƙin kamawa da yatsu, hudarsa kuma ta fi fitowa fili daga nesa. Sai dai a ɗaki mai rufi, a mita 10, babu iskar da za ta ture komai, kuma takarda ba ta buƙatar duka mai nauyi. Ga shi 4.5 ta fi araha, gwangwaninta yawanci ƙwaya 500 ne, kuma mai koyo yana cinye harsashi da yawa.

Wani tarko shi ne gudun da ake bugawa a jikin kwali da manyan lambobi. Harsashin bindigar iska yana da siffar kalangu: kai a gaba, tsukakken ƙugu, sai buɗaɗɗen siket a baya wanda ke daidaita shi a iska. Wannan siffa tana aiki lafiya ne idan gudu bai kusanci gudun sauti ba, wato kusan mita 343 a sakan. Da zarar ya matso nan sai harsashi ya fara tangal-tangal. Bindigogin Olamfik ma kusan rabin wannan gudun suke yi, ba kuma don sun kasa ba.

Bayan ka zaɓi 4.5 ma da sauran aiki. Na harbin takarda shi ne mai shafaffen kai, domin yana yanke huda zagayayya tsaf, ba ya yaga. Kamfanoni kuma suna yin sa da faɗin kai daban-daban, 4.48, 4.49, 4.50 har 4.51, saboda bututu biyu ba sa zama ɗaya ko da daga masana'anta ɗaya suka fito. Manyan 'yan wasa suna ɗaure bindiga a maƙalli, su gwada kashi-kashi na harsashi, su sayi wanda ya fi taruwa wuri guda. Kai ma za ka iya yin ƙaramin irin wannan gwajin: ɗora bindiga a kan buhun yashi, harba goma-goma daga gwangwani uku, ka auna faɗin kowane rukuni da rula.

Abu biyu kafin ka ciro kuɗi. Harsasan nan na dalma ne, kuma abin da ya faru da yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ya ishe mu sanin illar gubar dalma. Kada a riƙe harsashi a baki, a wanke hannu bayan harbi, a kuma ajiye gwangwanin inda yara ba za su kai ba. Sannan bindigar iska makami ce, tana iya fasa ido, tana iya kisa. A Najeriya, Dokar Bindigogi ta saka ta cikin waɗanda sai da lasisin 'yan sanda ake mallaka, ko 4.5 ce ko 5.5.