Idan Zuciya Ta Buga a Wudil: Me Ke Sa Wani Ya Tashi, Wani Ya Tafi?

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a zaman makoki: "Da safe fa muka gaisa da shi. Ƙirji kawai ya ce yana masa nauyi, aka ce olsa ce." Ajali na Allah ne, babu mai ja. Amma tsakanin nauyin ƙirjin nan da fitar rai akwai sa'o'i, kuma likitocin zuciya sun daɗe da sanin abin da ke gudana a cikinsu, da abin da za a iya yi kafin su ƙare.

Zuciya tsoka ce, aikinta harba jini zuwa kowane lungu na jiki. Ita ma tana da ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da ita. Shekara da shekaru kitse yana taruwa a bangon jijiyoyin, musamman ga mai hawan jini, mai ciwon suga, mai shan taba da mai ƙiba. Ranar da tarin kitsen ya tsage, jini yakan daskare a wurin ya toshe hanya. Daga minti 20 zuwa 30 tsokar da ke bayan toshewar za ta fara mutuwa, cikin sa'o'i 6 kuwa an yi mafi yawan ɓarnar. Wannan shi ne bugun zuciya, kuma abin da ya mutu ba ya dawowa.

Mafi yawan masu bugun zuciya suna tsallakewa idan sun sami kulawa. Amma kashi 5 zuwa 10 cikin 100 sukan faɗa wani hali mafi tsanani, wato durƙushewar zuciya. Manomin rani a bakin kogin Wudil ya san yadda injin ban-ruwa yake yi idan mai ya daina isa gare shi: yana ƙara, amma ruwa ba ya kai wa kwami. Haka zuciya take yi idan babban yanki na tsokarta ya mutu. Awon jini na sama ya faɗo ƙasa da 90, hannu da ƙafa su yi sanyi, gumi ya keto, fitsari ya ɗauke saboda ƙoda ba ta samun jini, mutum ya fara sambatu, ruwa ya taru a huhu har numfashi ya gagara. Sau da yawa wannan hali ba ya zuwa nan take. Yakan biyo bayan sa'o'in da jijiya ta yi a toshe ba a buɗe ta ba.

Aikin buɗe jijiya

Ba a tsaga ƙirji. Likita yakan zura siririn bututu ta jijiyar wuyan hannu ko ta matsematsi, ya bi da shi har bakin zuciya yana kallo a allon na'ura. Idan ya gano wurin toshewar sai ya hura ɗan balan-balan ya buɗe hanya, ya bar wata 'yar ragar ƙarfe da za ta tokare bangon jijiyar. Wani likita Bajamushe, Andreas Grüntzig, shi ya fara buɗe jijiyar zuciyar mutum da balan-balan a birnin Zurich a watan Satumban 1977.

To, idan zuciya ta riga ta durƙushe, aikin yana ceto? An gwada. A 1999 aka fitar da sakamakon wani bincike da Dakta Judith Hochman ta Amurka ta jagoranta a kan majinyata 302. An yi gaggawar buɗe wa rabinsu jijiya, rabi kuma aka fara lallaɓa su da magani. A watan farko kashi 47 cikin 100 na rukunin farko sun rasu, na biyu kashi 56, tazarar da masu binciken ba su ɗauke ta hujja ba tukuna. Bayan wata 6 bambanci ya fito fili: kashi 50 da kashi 63. Da aka bi sawunsu har shekara 6, kusan kashi 33 na waɗanda aka yi wa aikin gaggawa suna raye, ɗaya rukunin kuwa kashi 20 kacal. Daga nan aikin ya zama ƙa'ida a duniya.

An ci gaba da neman ƙari. A 2012 Farfesa Holger Thiele na Jamus da abokan aikinsa suka gwada wata na'urar tallafa wa zuciya da aka daɗe ana dogaro da ita, a kan majinyata 600, suka tarar ba ta rage mutuwa ba: wajen kashi 40 a kowane ɓangare. A 2017 suka nuna cewa a wannan hali buɗe jijiyar da ta jawo matsalar kaɗai ya fi buɗe duka a zama ɗaya, domin mutuwa a wata guda ta tsaya kashi 43 maimakon kusan 52. A 2024 wani bincike a Denmak da Jamus da Ingila ya nuna ɗan ƙaramin famfon da ake zurawa cikin zuciya ya rage mutuwa a wata 6 daga kashi 58 zuwa 46, sai dai da ƙarin zubar jini da matsalar ƙoda.

A dubi alƙaluman nan da kyau. A asibitocin da suka fi ko'ina kayan aiki, da zarar zuciya ta durƙushe, mutum 4 zuwa 5 cikin 10 ba sa tashi. Aikin yana ceto, amma ba ya tayar da tsokar da ta mutu. Saboda haka wanda ya fi samun riba shi ne wanda aka buɗe wa jijiya tun zuciyar tana tsaye.

Daga Wudil zuwa gadon aiki

Ƙa'idar likitoci ita ce a yi wa mai ciwon ƙirji gwajin ECG, wato awon bugawar zuciya da na'ura, cikin minti 10 da isowarsa, a buɗe jijiya cikin minti 120 da gano cutar. Wudil tana da babban asibiti, kuma tazararta da Kano, inda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala suke, kilomita 40 ne da 'yan kai. Amma ranar Juma'a, idan kasuwar kara ta cika, motocin shanu suka jeru a bakin gada, tafiyar sa'a guda tana iya ninkawa. Ɗakunan da ake wannan aiki kuwa kaɗan ne a Nijeriya, akasarinsu a Legas da Abuja, kuɗinsu kuma ya fi ƙarfin talaka.

Duk da haka ba a rasa abin yi ba. Inda ba za a kai ga aikin cikin sa'o'i 2 ba, akwai allurar narkar da gudan jini, irin su streptokinase da tenecteplase. Ana ba da ita cikin sa'o'i 12 na farko, ta fi ƙarfi a sa'o'i 3 na farko, kuma ƙarfinta yana raguwa sosai idan zuciya ta riga ta durƙushe. Binciken da Farfesa Simeon Isezuo na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ya jagoranta a asibitocin Nijeriya daga 2013 zuwa 2018, a kan majinyata 1,072, ya nuna jinkirin isa asibiti yana cikin manyan matsalolinmu, kuma 'yan kaɗan ne motar asibiti ta kawo su.

Ina sa'o'in suke salwanta? A gida. A jiƙa kanwa, a aika yaro kemis ya karɓo maganin olsa, a ce a bari zuwa safe. Idan jiki ya yi sanyi a kira mai allura ya ɗaura ƙarin ruwa, alhali ga zuciyar da ta gaza, ruwan yana iya cika huhu ya ƙarasa numfashin. Addu'a da tofi ba sa hana tafiya, ana iya yin su a cikin mota.

Alamar da ba a jira da ita: nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji da ya wuce minti 15, yana bi ta hannun hagu, wuya ko muƙamuƙi, tare da gumi mai sanyi, tashin zuciya ko haki. Ga mata, tsofaffi da masu ciwon suga, wani lokaci babu ciwon ƙirjin ma, sai kasala da haki da zafin saman ciki. A zaunar da mutum a jingine, kada ya tuƙa kansa. Idan jikinsa ba ya ƙin asfirin kuma ba ya zubar jini a ciki, ya tauna miligiram 300. A nufi asibiti, a faɗi lokacin da ciwon ya fara, a nemi ECG. Idan likita ya ce a wuce Kano, a wuce a lokacin, kada a tsaya taron dangi.

Bayan an tsallake

Wanda ya wuce watan farko ya haye mafi hatsarin, da yawa kuma sukan koma harkokinsu. Sai dai ragar da aka sa tana iya sake toshewa idan aka yi wasa da magungunan hana daskarewar jini. Yawanci ana haɗa biyu na tsawon wata 12, da na rage kitse da na hawan jini. Masu cewa "ai na warke" su ajiye magani, ko su daina saboda tsada ba tare da gaya wa likita ba, su ne ake sake kwasowa da tsakar dare. Azumi ma sai an shawarci likita, musamman a watannin farko. A bar taba, a rage gishiri, a riƙa tattaki.

Wudil ba za ta sami ɗakin buɗe jijiya gobe ba. Amma na'urar ECG mai aiki dare da rana, ma'aikacin da ya iya karanta ta ko ya tura hotonta ta waya ga likitan zuciya a Kano, allurar narkar da gudan jini a ajiye, da motar asibiti mai mai a tanki, duk abubuwa ne da ƙungiyoyin gari, 'yan kasuwar kara da wakilanmu za su iya tsayawa a kansu har a samu. Kafin nan, duk wanda ya haura shekara 40 ya je a auna masa jini da suga a wannan makon, kuma kowane gida ya san motar wa zai nema idan ƙirjin maigida ya yi nauyi da daddare.