Ibrahim Hassan Haɗejia: Daga Aikin Lauya Zuwa Majalisar Dattawa

A Amurka, lauya ya rikiɗe ya zama ɗan majalisa ba abin mamaki ba ne. Abraham Lincoln ma ta nan ya bi, ya wakilci Illinois daga 1847 zuwa 1849. Mu ma muna da namu a ƙasar Haɗejia.

Barista Ibrahim Hassan Haɗejia ya karanta shari'a a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Da aka dawo mulkin farar hula a 1999, Gwamna Saminu Turaki ya naɗa shi Kwamishinan Shari'a na Jigawa, daga nan Sakataren Gwamnati, sannan mataimakin gwamna har 2007. Ya sake hawa wannan kujera a 2015 tare da Gwamna Badaru Abubakar. Mataimaki ga gwamnoni biyu, ba kowa Allah ke ba wannan ba.

A 2019 ya tafi Majalisar Dattawa a jam'iyyar APC, yana wakiltar Jigawa ta Arewa maso Gabas, wato su Haɗejia, Auyo, Kafin Hausa, Guri da Kirikasamma. Mazaɓa ce mai wuyar sha'ani. Manomin shinkafar da ambaliyar 2020 da ta 2022 suka cinye wa gona, ko masuncin da kacala ta toshe wa hanyar kwalekwale, ba ruwansa da iya tsara doka. Shi dai a yashe kogi, a ɗaure jinga. Kuma da gaskiyarsa in ya nemi hakan wajen sanata, tunda madatsun ruwan Tiga da Challawa a hannun hukumar tarayya suke.

A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya naɗa shi Mataimakin Shugaban Ma'aikatan Fadar Shugaban Ƙasa.